Matasa a coci: ɗaukar benci da gadin ƙofa ne kaɗai rabonmu?

Ɗan_Kwaya:
Salamar Ubangiji gare ku 'yan'uwa. Akwai abin da ke cin raina tun ranar Lahadi na ce bari in kawo shi nan ko na samu sauƙi. Ni ne shugaban zumuntar matasa a cocinmu shekara uku ke nan, ba zan faɗi sunan cocin ba don ba tonon silili na zo yi ba. Watan jiya aka zuba dakin, wato rufin kankare, na sabon gini, mu matasa muka yi kwana biyu da kwanon kankare a ka tun asuba har dare, ko lebura ɗaya ba a ɗauka ba. In an yi rasuwa mu ne haƙa kabari. Duk Lahadi yaranmu shida ba sa jin wa'azi don suna bakin get suna duba jakunkuna da but ɗin motoci. Ba mu taɓa ƙorafi ba. To ranar Lahadi aka karanta kasafin kuɗin shekara, an ware na tayil ɗin ofis an ware na sabbin labule, da na miƙe na tambaya ina na matasa ko da kuɗin motar zuwa taron gunduma ne, sai wani dattijo ya ce min "zauna yaro, ba a gama maganar manya ba." Shekarata 34 fa, da 'ya'yana biyu. Don Allah haka abin yake a wurarenku ko mu kaɗai ne? Kuma me ya kamata in yi?

Bulus_Kafanchan:
Haka yake ko'ina ɗan'uwa. Sau ɗaya a shekara ake tuna da mu, makon matasa. A ba ka bagadi minti ashirin, dattijo na zaune a bayanka yana duba agogo yana gyaran murya. Ana gamawa a ce yara manyan gobe a tafa. Goben nan tun ina Boys Brigade nake jiran ta.

Mama_Rifkatu:
Sannu ɗana, Allah ya huci zuciyarka. Wanda ya ce maka yaro a gaban jama'a bai kyauta ba, wannan kam ba sai an ɓoye ba. Amma bari in gaya maka abin da na gani da idona. Mu Zumuntar Mata ba wanda ya kira mu ya ce ga kujera ku zauna. Kowace Talata mace ta zo da abin da ta samu, wata mudun masara wata naira ɗari, muna noma gonar zumunta, muna da littafin kuɗi da ma'ajiya da ake karanta rahotonta kowane wata uku. Da aka zo rufin coci mu muka sayi kwano bandir goma, tun daga ranar in za a yi shawara sai an ce a kira Mama shugaba. Ku matasa kuna da asusu? In kuna da shi, wa ke riƙe da littafin?

Bulus_Kafanchan:
Mama da girmamawa, wato sai mai kuɗi ne zai yi magana a gidan Allah? Kankaren da suka ɗauka a lissafa shi da kuɗin lebura a gani ko bai kai kwano bandir goma ba.

Dattijo_Ayuba:
Ina karantawa ina murmushi. Ni dattijon ikilisiya ne shekara 11, bari ku ji ta ɓangarenmu. Mun taɓa ba matasa kuɗin kibod da sifika a hannu, muka ce ku je ku sayo ku kawo rasit. Kayan sun zo, rasit har yau, canjin ma har yau, da aka matsa sai ma'ajin ya daina zuwa coci uwarsa ta zo tana kuka. Taron addu'a na Laraba ku ƙirga matasa nawa ke zuwa, amma a ce akwai fikinik ko wasan ƙwallo mota biyu ba ta isa. Ku karanta 1 Sarakuna sura 12, Rehobowam ya bar shawarar dattawa ya bi ta samarin da suka tashi tare, kabila goma suka ɓalle. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ban goyi bayan a ce wa mai iyali yaro ba, amma amana ana gina ta ne.

Saratu_Gombe:
Baba, Rehobowam shekararsa 41 lokacin da ya hau sarauta, yana nan a sura 14. A cocinmu da yanzu yana Zumuntar Maza yana neman kujerar dattijo.

Malamin_Sakandare:
Saratu kin kashe ni da dariya. Baba Ayuba ina gaisuwa. Ni tarihi nake koyarwa, kuma abin da ke ba ni mamaki shi ne yawancin cocin da muke taƙama da su yara ne suka kafa su in da ma'aunin yau za a bi. Mutum uku na farko na ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta haifi ɗarikar ECWA, sun sauka Legas a Disamban 1893, Rowland Bingham bai cika 21 ba a lokacin, abokansa Walter Gowans da Thomas Kent su ma ba wanda ya kai 30, kuma su biyun a 1894 suka mutu a ƙasar nan. Stover Kulp da Albert Helser da suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923, inda EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ta samo asali, su ma ba su kai 30 ba. In an ce waɗannan Turawa ne, to Byang Kato ɗan Kwoi fa? An haife shi 1936, ya zama babban magatakardan ECWA a 1967, lissafa ka gani. Ya rasu 1975 bai kai 40 ba amma har yau ana karanta shi a makarantun tauhidi. Yakubu Gowon da ya tashi a Wusasa yana da 31 ya riƙe ƙasar nan gaba ɗaya. Yau mai 34 ba zai iya tambayar kuɗin mota ba. Iyayenmu da ke kan kujerun nan yanzu da yawansu suna da ashirin da wani abu aka tura su ƙauye su buɗe coci da keke da fitilar ƙwai, wani ne ya yarda da su. Sun manta ne kawai.

Yohanna_Pankshin:
Malam ka manta da mu. Ƙungiyar mishan ta SUM ta fara a Wase 1904, kuma a Gindiri aka fara FCS, zumuntar ɗalibai Kirista, a 1957, 'yan makaranta ne da malamansu. Rabin fastocin da na sani a FCS suka fara tsayawa gaban mutane. Can ɗan aji biyar ne shugaba, shi ke tsara sujada shi ke riƙe kuɗin baiko, ba abin da ya lalace. Yana gama makaranta ya dawo cocin gida sai a ce ya je ya goge benci.

Dattijo_Ayuba:
Malam na ji tarihi kuma ban musa ba. Amma waɗancan sun bar gida sun zo sun mutu da zazzaɓi saboda bishara. Kawo min matashi ɗaya yau da zai yarda a tura shi ƙauyen da ba sabis ɗin waya.

Ladi_Mubi:
Baba wannan maganar ta taɓa ni. A Oktoban 2014 da Boko Haram suka shiga Mubi suka kama har hedkwatar EYN a Kwarhi, waye ya goya tsofaffi a baya aka hau duwatsu aka tsallaka Kamaru? Yayana ya goyi wata tsohuwa da ba danginmu ba ce kusan yini guda, ƙafarsa duk ta fashe. Da aka dawo su suka kwashe toka da gawayi daga cikin majami'u aka fara sujada a ƙarƙashin bishiya. Kuma ku tambayi EMS, ƙungiyar masu bishara ta ECWA, su waye ke ƙauyukan da ba sabis ɗin yanzu haka, ba masu furfura ba ne. Kada a ce matasan yau ba su san wahala saboda Yesu ba.

Dattijo_Ayuba:
'Yata na karɓi gyara. Ubangiji ya sāka wa yayanki.

Saratu_Gombe:
Tunda an buɗe maganar bari in faɗi tamu ta 'yanmata, don ko a cikin zumuntar matasan ma akwai manya da yara. In an yi taro maza na ciki ana muhawara mu muna bayan coci muna hura wuta muna dafa shinkafa, a zaɓe kuma kujerar da ake ba mace ita ce mataimakiyar magatakarda ko mai kula da abinci. Wannan ma da sauƙi. Ƙawata da muke alto tare a kwaya ta yi ciki tana da shekara 19. Ranar Lahadi aka kira sunanta, ta miƙe gaban mutum fiye da ɗari uku, aka karanta an sa ta ƙarƙashin horo, aka nuna mata bencin baya kusa da ƙofa. Wanda ya yi cikin ɗan wani babba ne a cocin, kafin Lahadin an tura shi Abuja wai ya samu aiki. Wata shida tana zuwa tana zama a bencin nan ita kaɗai da lema a hannu don in ana ruwa feshi na shigowa ta wurin, ba wanda ya je gidansu ko sau ɗaya, ni ma sai a ɓoye nake zuwa don mamata ta hana. Ranar da ta daina zuwa ba wanda ya tambaya. Ban ce kada a yi horo ba amma in horo don a maido da mutum ne, wa aka aika ya maido ta?

Mama_Rifkatu:
Wayyo Saratu. Wannan laifinmu ne mu iyaye mata, ba na dattawa kaɗai ba. Titus sura 2 mu aka ba aikin koya wa 'yanmata. Tana ina yanzu? Ki yi min magana ta akwatin sirri.

Emma_Keys:
Ni dai na tafi kuma ban yi nadama ba. Shekara bakwai ina kaɗa kibod kyauta, ranar da na sa wani kiɗa mai ɗan sauri aka aiko yaro ya zare waya daga soket ana tsakiyar waƙa. Inda nake yanzu sati biyu da zuwana fasto ya san sunana, ya ba ni makullin ɗakin kayan kiɗa, da na yi rashin lafiya har gida suka zo. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza.

Bulus_Kafanchan:
Emma can ɗin ma ka yi hankali, wasu wuraren sunanka za a sani da ranar da albashinka ke shiga. Ƙanena kullum shuka iri shuka iri har ya sayar da wayarsa.

Emma_Keys:
Ban ce babu irin su ba. Amma ka tambayi kanka me ya sa yaro zai bar cocin da aka yi masa baftisma ya bi wanda ya kira sunansa kawai.

Rabaran_na_ƙauye:
Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ku na birni kuna faɗa a kan kujera, ni matasan ma nake nema in gani. Da an gama girbi sai ƙauye ya zama na tsofaffi da jikoki, samari sun tafi haƙar ma'adinai ko acaɓa a gefen Abuja, 'yanmata aikatau. Wasu su dawo da Kirsimeti da ɗan kuɗi wasu su dawo da tiramol a aljihu, biyu mun binne su rami ya rufta da su. Yaron da bai ci abinci ba ba zai zauna ajin baftisma ba. Abin da muka gwada bara, buhunan masarar godiya maimakon a sayar duka a sa a gini na roƙi dattawa aka ware buhu huɗu, muka saya wa yara huɗu fom ɗin JAMB muka biya wa biyu kuɗin koyon walda da ɗinki a wurin 'yan cocinmu da ke gari. Ba a yarda da sauƙi ba, sai da na ce a cire daga rabona. Ɗaya ta samu kwalejin ilimi. Kuma duk Lahadi ta biyu yaro ɗan shekara 18 ne ke jagorar sujada, yana tuntuɓe a karatu ana gyara masa daga benci, ba komai. Ina yawan tuna Aftikos a Ayyukan Manzanni sura 20, saurayin da barci ya kwashe a taga Bulus na ta dogon wa'azi har tsakar dare ya faɗo daga hawa na uku. Bulus ya katse wa'azin ya sauka ƙasa wurinsa. Mu da mun ce a bari a gama sanarwa tukuna.

Ɗan_Kwaya:
Baba Rabaran na gode, wannan ya shige ni. Mama Rifkatu gaskiya asusu muna da shi amma littafin kam sai a hankali, a waya ma'ajinmu ke rubutawa.

Mama_Rifkatu:
To ka gani. Sayi littafi mai bango mai ƙarfi gobe.

Cecilia_Kd:
Mu a Katolika, a cocinmu dai shugaban CYON, ƙungiyar matasan Katolika, yana da kujera a majalisar Ikklesiya kamar shugabar mata da na maza, ba alfarma ba ce. Ba wai kullum ake ɗaukar maganarsa ba amma aƙalla yana ciki lokacin da ake raba kuɗin, ba a bakin ƙofa zai ji ba. Ku duba tsarin mulkin cocinku da kyau, sau da yawa kujerar tana rubuce mutane ne ba sa karantawa.

Yohanna_Pankshin:
Wai ma tukuna waye matashi? A wurinmu aure ne ma'auni. Yaro ɗan 24 ya yi aure ranar Asabar, Lahadi Zumuntar Maza sun karɓe shi da tafi. Mai 42 da bai yi aure ba yana nan tare da 'yan JSS ana ce masa ya kawo kujeru. Shi ya sa zumuntar ba ta ƙarfi, duk wanda ya fara samun abin hannu sai a kwashe shi. Ɗan_Kwaya kai ma mamaki nake da aka bar ka da 'ya'ya biyu.

Malamin_Sakandare:
Tarayyar Afirka 15 zuwa 35 ta ce. Kuma tun 2018 da aka sa hannu a dokar rage shekarun takara mai 25 zai iya zama ɗan majalisar wakilai, mai 35 ya nemi shugaban ƙasa. Majalisar dattawan coci ce kawai ta fi Abuja tsada.

Ɗan_Kwaya:
Yohanna ba wanda ya yarda ya karɓi shugabancin ne, sau biyu ina ajiyewa.

Istifanus_Zariya:
Ni abin da na ga yana raba mu shi ne harshe, ba wanda ya taɓo shi. Sujadar Turanci ƙarfe 7 duk matasa, ta Hausa ƙarfe 10 duk iyaye, a bakin ƙofa kawai ake haɗuwa ana gaisawa. Coci biyu ne a gini ɗaya. Dattawa daga sashen Hausa ake zaɓensu don su ke tsayawa taron mambobi, matasa an riga an watse an tafi. Ƙanwata ba ta iya karanta aya ɗaya da Hausa ba tare da ta yi in'ina ba, alhali tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kakanmu da shi ya koyi karatu. To ta yaya dattijo zai san halin yaron da bai taɓa zama benci ɗaya da shi ba balle ya ba shi amana?

Emma_Keys:
Sai su su zo na Turancin mana.

Istifanus_Zariya:
Kakarka za ta zo ta ji me? Mu ne muke jin duka biyun.

Issoufou_Damagaram:
Ina gaida ku daga Nijar. Mu nan ba mu da yawan da za mu raba sujada biyu, Hausa da Faransanci a haɗe ake yi da tafinta, kuma tafintan kusan kullum ɗan lakwal ne, wato ɗan makarantar boko, don shi ya iya duka. Wannan kaɗai ya sa tsofaffi ba su iya yi ba tare da mu ba. Bayan ƙone-ƙonen majami'u na Janairun 2015 a nan Zinder da Yamai matasa da tsofaffi tare muka share wuri muka kafa rumfa. Matsalarmu daban ce, yaro in ya samu bak, takardar gama sakandare, sai ya tafi Yamai ko waje karatu ba ya dawowa, 'yanmata kuma mazan aure a cikin ikilisiya sun yi kaɗan. Ku da kuke da matasa har shida na tsaron ƙofa ku riƙe su da kyau.

Bulus_Kafanchan:
Maganar aure da ka kawo, nan ma coci na iya taimakawa ba ta yi. Kwamitin aure, gwaji, kati, kek, riga, abincin mutum ɗari biyar, ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a 2023. Saurayi ya kasa, a jira shekara biyar, abin da ya faru da ƙawar Saratu ya faru, sai a fito da bencin baya. Me zai hana a ɗaura aure a cikin sujadar Lahadi a sha kunu a watse?

Mama_Rifkatu:
Bulus ku ne ba kwa so. Mun ba wasu wannan shawarar amarya ta ce ita sai an yi hoto da jirgin nan mai tashi sama.

Saratu_Gombe:
Mama wannan kam gaskiya ne ba zan kare mu ba.

Dattijo_Ayuba:
Na kwana da maganar nan. Ɗan_Kwaya ɗana, ga shawarata a matsayin wanda ke zama a irin wannan majalisa. Kada ka sake tayar da ita a taron jama'a, dattijo in ka ƙure shi gaban mutane ko ya san ka fi shi gaskiya ba zai janye ba. Ku rubuta wasiƙa ta hannun magatakarda, ku sa abin da kuka yi a shekara, kwana nawa a gini, kabari nawa, mutum nawa a get, da abin da kuke nema da adadinsa, abu biyu ko uku kada su wuce. Kafin ranar zama ka je gidan wanda ya ce maka yaron ka gaishe shi, kada ka ɗaga maganar, gaisuwa kawai. Ka samu dattijo ɗaya da Mama shugaba su san da wasiƙar tun kafin a karanta. Ni ma zan tambayi namu me ya sa yaran get ba a juya su, don sai da ka faɗa na lura akwai yaron da na fi shekara ban gan shi a cikin coci ba kullum yana waje da riga mai ƙyalli.

Bulus_Kafanchan:
Wato shi aka ci wa fuska shi zai je gaisuwa. To.

Ladi_Mubi:
Bulus durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Amma ni a wasiƙar zan sa kujera a majalisa farko kafin kuɗin mota, kuɗi na shekara ɗaya ne.

Emma_Keys:
Za su ce za a duba. Ku rubuta ku ajiye.

Ɗan_Kwaya:
Na gode muku duka, ban zaci za a yi magana haka ba. Jiya da yamma mun zauna da shugabannin zumunta mu bakwai, na karanta musu abin da Saratu ta rubuta aka yi tsit, don mu ma muna da wata da ta ɓace tun Ista ba wanda ya bi sawu, mataimakiyata da wata za su je gidansu ranar Alhamis. Littafi na saya Mama. Gaisuwar kuma Baba Ayuba zan je amma ba wannan satin ba, zuciyata ba ta sauka ba tukuna. Majalisa za ta zauna Asabar ta ƙarshen wata. Cecilia na tambayi magatakarda kwafin tsarin mulki ya ce guda ɗaya ne kuma yana gidan tsohon fasto, in akwai mai shi a waya ko na wace shekara ne ya taimaka ya turo min.

Yohanna_Pankshin:
Wace ɗarika? Kowa da nasa fa. Yi min magana ta gefe in duba ko ina da shi.